Wurin kwanan jirgi a gindin tsibiri ba a zaɓarsa da hoto

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na karanta shafin da kuka yi kan masu yawon teku da jiragen shaƙatawa a tsibiran ƙasashe masu zafi, hotunan sun yi kyau ba ƙarya, ruwa shuɗi kwance lif, jirgi fari tas a tsakiya. Amma akwai maganar da ta tsaya min a rai, inda aka ce wai yanzu in kana da waya da GPS kowa ma zai iya samun inda zai jefa anka, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, ya kwana lafiya. Wannan fa ba haka bane, kuma gara a gyara kar wani ya ɗauka da gaske.

Wanda ya san harkar iska yake fara tambaya. A irin waɗannan tsibirai kusan duk shekara daga gabas take busowa, arewa maso gabas in kana saman layin ikwaita, kudu maso gabas in kana ƙasansa, shi yasa a Karibiyan zaka ga yawancin wuraren tsayawa suna yammacin tsibiri ne don tsibirin ya kare ka. Sai dai igiyar ruwa ba ruwanta da wannan lissafin, tana iya zagayo ƙarshen tsibiri ta same ka a lungunka, iska na riƙe da hancin jirgi gefe guda ita kuma tana dukan haƙarƙarinsa, jirgi yai ta rangaji har asuba ba mai runtsawa. In kuma hadari ya taso da dare iska ta juya, gaɓar da ta kare ka da maraice ita ce yanzu a bayanka, anka na sakewa kan duwatsu zaka. Don haka tun da rana ake duba ta ina za a fita in ta ɓaci cikin duhu.

Sai ƙasan ruwa, kuma nan ne hoto baya gaya maka komai. Yashi shi ne kan gaba wajen riƙe anka, laka ma tana riƙo sosai, ciyawar teku kuwa yaudara ce, anka sai ta kwanta a kai ta cika bakinta da ciyawa kana zaton ta kama. Ba wurgi ake da anka ba kamar yadda ake nunawa a fim. A hankali ake sauke ta har ta taɓa ƙasa, jirgi na ja da baya ana sakin sarƙa, sannan a sa inji ribas a ja da ƙarfi, mutum ya ɗora tafin ƙafa a kan sarƙar, in yaji tana karkarwa tana fizga to jan ƙasa take bata kama ba, in ta miƙe ta yi tsam ta shiga kenan. Wasu ma basa yarda sai sun sa gilashin ninƙaya sun leƙa da idonsu, kuma ni ina bayansu, tunda ruwan garau yake me zai hana.

Tsawon sarƙa ma lissafi gare shi, galibi ninki 5 na zurfin, in ana tsoron iska ninki 7 ko fiye. Inda mutane ke faɗawa shi ne su manta da tsayin hancin jirgi daga ruwa da kuma cikar teku. Ruwa mita 5, hancin jirgi mita 1, teku zata ƙaru da mita 1, kaga 7 kenan, sau 5 mita 35 na sarƙa, kuma duk wannan tsawon jirginka zai zagaya da shi in iska ta juya. To wanda ya zo daga baya ya tsaya dab da kai don yana son kusa da rairayi, shi ne zai tashe ka ƙarfe biyun dare da ƙarar karo. A ƙa'idar masu jirgi wanda ya riga sauka shi ke da wuri, na baya ne zai matsa.

Yanzu batun GPS ɗin. A watan Nuwamba na 2014 jirgin tsere na Team Vestas Wind, ƙwararru tara a ciki da na'urori na gani na faɗa, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos arewa maso gabas da Morishiyus cikin dare, saboda duwatsun basa fitowa sosai a allon taswira sai an matso da hoton. Allah ya sa duk sun tsira. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Bayan haka ma wasu taswirorin tsibiran Pasifik tun awon ƙarni na 19 aka gina su, GPS zai gaya maka inda kake daidai amma dutsen ba lallai yana inda aka zana shi ba. Shi yasa ake shiga wurin murjani, wato duwatsun da ke girma a ƙasan teku, da rana tana sama ko tana bayanka, wajen ƙarfe 10 zuwa 2, mutum ɗaya tsaye a hancin jirgi da gilashin da ke kashe ƙyallin ruwa yana karanta launi, shuɗi mai duhu zurfi ne, mai haske yashi ne marar zurfi, ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya kan murjani ne a kauce. Wanda ya iso da magariba gara ya kwana a buɗaɗɗen teku ya jira gari ya waye. A tsibiran Tuamotu na kudancin Pasifik abin ya ma fi haka, ƙofar shiga tafkin tsakiyar tsibiri ruwa ke gudu a cikinta da ƙarfi sai an jira lokacin da ya lafa, in an shiga kuma sai a ɗaura wa sarƙa robobi masu yawo a kan ruwa su ɗaga ta kar ta naɗe murjani.

Shi murjanin nan abu ne mai rai, sarƙa ɗaya a dare ɗaya zata kankare abin da ya ɗau shekaru yana girma. Tsibirin Bonaire na Karibiyan da ya killace tekunsa tun 1979 ya hana jefa anka, sai dai ka ɗaure jirgi a ƙwallaye masu yawo kan ruwa da aka kafa igiyarsu a ƙasan teku. Ni na yarda da wannan dokar ɗari bisa ɗari, amma ba duk ƙwallon da ka gani a ko'ina zaka amince masa ba, wani igiyarsa ta cinye a ƙasa, wani an kafa shi ne don ƙaramin kwale-kwale. A tambayi mai shi, a leƙa igiyar.

Guguwa kuwa babu lungun da zai ce ya fi ƙarfinta. A Atlantika lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne, a kudancin Pasifik Nuwamba zuwa Afrilu. Da can ana ganin Girinada, tsibiri a Karibiyan, ta yi kudu da yawa guguwa bata cika zuwa ba, sai guguwar Ivan ta zo a 2004 ta kwantar da jirage birjik. A 2017 kuma guguwar Irma ta tara jiragen haya kan juna a Paraquita Bay na tsibirin Tortola a Karibiyan, wurin da aka kai su musamman don ɓuya. Dan Allah in zaku sake irin wannan shafi ku sa waɗannan watannin a gefen hoton, ku kuma nemi wani matuƙi ya duba rubutun kafin a buga.

Na gode,
Wani mai karatunku