A Saurari 'Yan Silam, Ba Surutun Banza Suke Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara basira. Daga Garwa nake rubuto muku, nan arewacin Kamaru, kuma ƙorafi na kawo haɗe da roƙo, dan Allah ayi haƙuri da ni in na ɗan ja zancen.

Shafinku na nishaɗi kullum labarin 'yan fim ne da mawaƙan situdiyo, wane ya saki sabuwar waƙa, wance ta yi aure, amma har yau banga kun leƙa wajen yaran nan da ke tsayawa gaban jama'a da makirfo su zuba magana mai tsari ba kiɗa ba 'yan amshi ba. Mu nan ɓangaren Faransanci silam muke ce mata, kuma daga Ngaundere zuwa Marwa zuwa Kusiri, ka haye gadar Ngeli ka shiga Njamena, 'yan lise, wato sakandare, da ɗaliban jami'a sun rungume ta hannu bibbiyu, sai dai manya ne har yanzu ke musu kallon waɗanda suka rasa aikin yi.

Abin a matsayin gasa ba daɗaɗɗe bane. Wani magini ne a Shikago ta Amurka, Marc Smith, ya gaji da taron karanta waƙa inda mai karatu ke duƙar da kai a takarda jama'a na gyangyaɗi, sai ya maida shi gasa, a 1986 ya kafa ta a wani gidan shaƙatawa da ake kira Green Mill. Dokar ba ta da yawa: minti 3 kake da shi, rubutun ya zama naka ne, ba kiɗa, ba shigar wasan kwaikwayo, alƙalai kuma daga cikin 'yan kallo ake ɗauko su su ba da maki daga 0 zuwa 10. Daga baya ta shiga Faransa, wajen 2006 wani ɗan silam na can, Grand Corps Malade, ya sa kowa ya santa a rediyo da talabijin, ta nan ta gangaro mana. Wanda mutane da yawa ba su sani ba shine gasar cin kofin Afirka ta silam a Njamena aka fara yinta, a 2018, kuma ɗan Chadi ne jagoran shiryata, Croquemort, wanda likita ne ma a aikinsa. Wani matashi ɗan Senegal ne ya tafi da kofin. Wato nan bakin ƙofarmu aka yi wannan gagarumin taro amma yawancin Hausawan yankin ko labari ba su ji ba.

Toh, dattawan majalisarmu in ka kunna musu a waya sai suce wannan ai surutu ne, in waƙa ce ina muryar, in wa'azi ne ina ayar. Ni kuma abin na ban mamaki, domin duk cikinsu ba wanda bai taɓa tsayawa filin dambe ya ji ɗan dambe ya ɗaga hannu yana kirari tsigar jikinsa ta tashi ba, kuma kirari ai ba rerawa ake ba, faɗa ake. Haka kirarin maharba, haka na 'yan tauri, haka sanƙira in ya miƙe a wajen ɗaurin aure yana jero asalin dangi ba ya tuntuɓe. Maƙwabtanmu Fulanin Diamare ma suna da mbooku, maza su jeru su kwashe tarihin yaƙi da yunwa da halin zamani ba ganga ba garaya. Kunnenmu ya daɗe da sanin daɗin magana zalla, kawai dai yanzu yaro ne da wandon jins yake yi shi yasa aka ƙi ganewa.

Amma akwai inda suka rabu da roƙo, kuma nan ne ni abin ya fi burge ni. Maroƙi yana da ubangida, wanda zai wasa a san za a miƙo wani abu, don haka akwai iyakar da harshensa ba ya tsallakewa. Ɗan silam ba shi da wanda yake wasawa. Minti ukun nan nasa ne, in ya ga dama ya yi shi akan digirin da ya ɗauko ya ƙare a kan moto, wato babur, yana ɗaukar fasinja daga babbar kasuwa zuwa Rumde Aja, ko akan ruwan da ya cinye gidaje a Yagwa da Njamena, ko akan yaran da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun da aka buɗe shi a 2013 waɗanda ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Wa zai biya maroƙi ya faɗi waɗannan?

A makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu na taɓa zama a wani zauren makaranta, yara nata hawa suna sauka, yawanci dai abin da aka saba, sai wata yarinya siririya da hijabinta ta hau, muryarta ma da farko ba a ji sosai. Akan yayarta ta yi, wadda aka cire daga aji aka aurar. Bata zagi kowa ba, bata ce uban mugu bane, kawai lissafo kayan ɗakin amarya ta dinga yi ɗaya bayan ɗaya, gado, kwalla, tasoshi, labule, sai can ta sako jakar makaranta a cikin lissafin ta yi shiru. Wallahi zauren nan sai da ya yi tsit, wasu iyaye mata a baya suna goge ido da gefen mayafi. Da muryar waƙa ta yi shi ana kiɗa a ƙasa da kiɗan ya cinye shirun nan, kuma shirun shine duk maganar. Shi yasa nake ce wa mutane in za ku saurari silam ku lura da inda mai yi ya ja numfashi, inda ya sassauta, inda ya tsaya, ba yawan ihu ba. Su kansu 'yan kallon da suka san abin ba sa tafi a tsakiya, ɗan yatsa suke ƙyastawa don kar su katse shi.

Kar ace na zo yabo kawai, yaran ma ina da magana da su. Na farko, kusan duk da Faransanci suke yi, Hausa ko Fulatanci sai dai a ɗan barbaɗa kamar yaji a kan tsire don a yi dariya, alhali kakar da ake wa waƙar tana zaune a gida ko kalma ɗaya ba za ta tsinta ba. Na san dalili, makaranta da Faransanci aka yi ta, gasar ma da shi ake ci, amma ai ba kowane dare ne na gasa ba. Waɗanda kuma suka daure suka yi da Hausa, da yawansu amsa-amo kawai suke bi, su jero duniya, rayuwa, damuwa, tafiya, shikenan wai an yi waƙa. Kalmomin Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa, saboda haka dacewar ƙarshen ɗango abu ne mai arha, ko yaro ɗan firamare zai haɗa maka. Magabatan da suka rubuta waƙoƙi da ajami ba a nan suka tsaya ba, suna auna kari, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi yasa har yau makaho zai rera baitinsu a bakin masallaci ka ji ya zauna daram. Ga habaici, ga zambo, ga karin magana, ga karya harshe, duk kayan aiki ne da ke zube ba mai ɗauka.

Sai kuma wannan fiyano mai ban tausayi da ake sawa a ƙarƙashin kowane bidiyo na TikTok da Facebook, ko maganar tsadar shinkafa ake sai an sa shi. A rage dan Allah. Da kuma waƙar Afirka ki tashi, wadda kowa sai ya yi tasa, Afirkan ta yi faɗi da yawa, a fara da layin unguwa tukuna.

Wani malamin islamiyya abokina ya ce shi damuwarsa cakuɗuwar maza da mata ce a wajen taron ba maganar kanta ba, kuma wannan ai gyara ne na masu shiryawa, ba wuya. Ya ma tuna min cewa Nana Asma'u da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun 'Yan Taru.

Roƙona gare ku Malam Edita shine ku ware ko rabin shafi ne a wata, ku riƙa buga rubutun ɗaya daga cikin yaran nan, sannan ku ɗora muryarsa a shafinku na intanet tunda rabin abin a baki yake. Ga 21 ga Fabrairu ranar harshen uwa, ga 21 ga Maris da UNESCO ta ware wa waƙa tun 1999, ko da ɗaya daga ciki za a iya farawa. Kuma in an buɗe kar a tsaya Kano da Kaduna da Zariya, a tuna akwai Hausawa a Garwa da Marwa da Njamena. In rubutunmu ya zo kun ga lakol a inda kuke cewa makaranta, ko wata kalmar Fulatanci ko Larabcin Chadi ta faɗo a tsakiya, dan Allah a bar mana ita yadda take, haka muke magana.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai karanta ku a kullum,
daga Garwa, Kamaru