Wasiƙa: gidan √2 a kan layin lamba

Assalamu alaikum abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma sha dariya da na ji yadda 'yarka ta ƙure ka: wai √2, wato lambar da in aka yi ta sau kanta take ba da 2, wadda ba ta da ƙarshe, 1.41421356 har illa ma sha Allahu, a ina za a ɗiga mata ɗigo a layin lamba? Yarinyar nan akwai kai. Kai kuma ka ce mata tsakanin 1.4 da 1.5, ka sulale. Ba ka yi ƙarya ba, don 1.4 sau 1.4 zai ba da 1.96, 1.5 sau 1.5 kuma 2.25. Amma unguwar ka nuna mata, ba gidan ba.

Ajiye kalkuleta, ɗauko rula da kamfas. Ja layi ka sa 0 da 1, ka bar tazara mai faɗi, kamar santimita 5, don aikin ya fito sosai. A kan 1 ka tayar da wani layi tsaye cak, kusurwarsa digiri 90, tsawonsa daidai da waccan tazarar. Haɗa kansa da 0. Alwatika ke nan. Bisa ƙa'idar Fitagoras, a alwatika mai kusurwar digiri 90, dogon gefen sau kansa daidai yake da jimillar sauran biyun kowanne sau kansa. A nan 1 sau 1 a tara da 1 sau 1 ya zama 2, don haka gefen nan da ya kishingiɗa tsawonsa √2 ne cif. Kafa tsinin kamfas a 0, ka buɗe shi har bakin fensir ya taɓa ɗaya ƙarshen, sannan ka juyo da shi ƙasa ya yanki layin. Inda ya yanka, nan ne gidanta. Za ka ga ya faɗi gaba kaɗan da santimita 7. Ka fiƙe fensirin da kyau, ka kuma ɗaure kamfas ɗin, mai sako-sako kunyata mutum yake yi a gaban yara.

Abin da ke burge ni, ba auna lambar muka yi ba, tsawon muka ɗauko muka kwantar. Duk yadda ka tsattsaga rula, √2 ba za ta dace da ko zane ɗaya ba, saboda babu cikakkun lambobi biyu da za a raba su a same ta. Mutanen Babila ma sun bi ta kusa ƙwarai a wani allon yumɓu da ya haura shekara 3,500, yanzu yana Jami'ar Yale a Amurka, amma kusa ɗin dai suka tsaya.

In ta nemi ƙari, ta tayar da layi mai tsawon 1 a ƙarshen gefen √2, kusurwarsa digiri 90, ta haɗa kansa da 0, sabon gefen zai zama √3. Gefe 2 da gefe 1 kuma √5 suke bayarwa. Ka kuma miƙa mata takardar A4 ta raba tsawonta, milimita 297, da faɗinta, milimita 210, ka rubuto mini abin da ta ce.

A gaida mutan gida.

Naka har kullum.