Ruwan lagireto ba ya raguwa haka kawai

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu tsofaffin motoci, irin su Golf 3 da Sharon da tsofaffin Fijo da muke bin hanyar Gusau zuwa Funtua ko Talata Mafara da su, tunda ga zafin Afrilu ya shigo har yana haura digiri 40. Sai kaga direba da jarka a but duk inda ya tsaya sai ya ƙara ruwa, in ka yi magana yace ai motar ce ta tsufa tana shan ruwa. Toh mota mai take sha, ruwan nan a rufe yake zagayawa tsakanin inji da lagireto, in ya ragu wani wuri ya samu yake fita.

Abin da yake ƙona min rai shine saurin da wasu makanikai ke yi su ce top gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Akwai wanda ya ce min sai an sauke kan inji, ko murfin lagireto bai ɗaga ba, ashe tiyo ne ya tsage ta ƙasa dab da kilif inda ido baya kai wa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, amma kafin ka yarda a kwance maka inji ka fara da abu mai araha. Shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar da dare da safe ka ga saitin inda ya ɗiga, sai dai kar ruwan AC ya ruɗe ka, shi fari ne tas ba ƙamshi. Sannan murfin lagireto, mutane sun raina shi alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, a motoci da yawa zaka ga an rubuta awon matsin, 0.9 ko 1.1, a kai, in robarsa ta mutu ko sifirin ya saki ruwan zai dinga fita a tururi kuma ba za ka ga ɗigo ko ɗaya ba. A duba tiyoyi, a duba kan lagireto in na roba ne don tsufa na tsaga shi, a leƙa ƙasan wata famfo akwai 'yar huda da take zubar da ruwa in sil ɗinsa ya ci. Har kafet na gefen fasinja a taɓa, in da danshi daga hita ne. Wani yoyon kuma sai inji ya yi zafi yake buɗewa, shi ya sa gareji mai famfon gwada matsi ya fi mai duba da ido.

Gasket in shi ne sau da yawa yakan nuna alama, farin hayaƙi a salansa ko bayan inji ya ɗau zafi, kumfa na tasowa a lagireto, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

Ruwan rijiya da fiya wata da muke ɗurawa su ke kawo tsatsa da toshewa, kulan mai kala kuwa, wato ruwan sanyaya inji na kanti, ko ya bushe yana barin shaida inda ya fita. Amma guba ne kuma yana da zaƙi-zaƙi, kar a bar shi inda yara ko awaki za su kai. Masu fasa ƙwai a lagireto don toshe yoyo da masu cire tamostat mai daidaita zafin inji su jefar, wallahi matsalar tana nan, rufe ta kawai aka yi. Kuma kar wanda ya buɗe murfi inji na da zafi.

Malam Edita da za ku samo gogaggen makanike ya dinga amsa tambayoyin direbobi a shafinku da kun taimaka, don kowa ya san halin da hanyoyin Zamfara ke ciki, ba wurin da mutum zai so ya faka da fasinja yana jiran inji ya huce ba ne.

Naku,
Wani direban haya daga Tudun Wada, Gusau