Tsofaffin jami'an leƙen asirin soja su ɗauki alƙalami

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga tsofaffin hafsoshinmu da suka yi aikin tattara bayanan sirri, da kuma marubutan finafinanmu na Hausa.

An yi wani Bature ɗan Ingila, Paul Dehn, haifaffen Manchester a 1912. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin leƙen asiri na soja har ya kai muƙamin Manjo, ya kuma horar da 'yan leƙen asiri a wani ɓoyayyen sansani a Kanada. Da yaƙi ya ƙare sai ya rungumi rubutun fim. A 1952 shi da abokin rubutunsa suka ci kyautar Oscar, kuma da hannunsa a rubutun Goldfinger, fim ɗin James Bond na 1964. Ya rasu a 1976.

To mu fa? Kaduna garin soja ce. Ga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, tun 1964, ga Runduna ta Ɗaya, ga kwalejin manyan hafsoshi a Jaji. Da yawa daga waɗanda suka ajiye kaki a nan suka gina gidajensu, da su muke sahu a masallaci. Amma ka kunna fim ɗinmu ka ga abin takaici: mutum da igiya biyu a hannun riga, alamar kofur, ana ce masa Kanar, kurtu ya sara wa hafsa da hannun hagu. Jami'in sirri kuwa kullum baƙin gilashi da zare ido, alhali aikin nasa haƙuri ne da sauraro, ya zauna a teburin mai shayi har shayin ya huce ba wanda ya shaida shi. Wannan yana ci mini rai, domin yaranmu daga fim suke sanin soja.

Ban ce a tona asirin ƙasa ba. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan, rantsuwar tsofaffin hafsoshin ma tana wuyansu. Abin da marubuci ke nema a wajensu shi ne yadda ake magana a bariki, da zullumin matar da ba ta san inda aka tura mijinta ba.

Don Allah Malam Edita, ka ware shafi ko sau ɗaya a wata, ka gayyato irin waɗannan dattawa su zauna da matasan marubuta, mu kuma mu karanta hirar.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rimi, Kaduna