A Riƙa Rina Kakin Gwanjo Kafin Ya Shiga Kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan tsofaffin kayan soja da ke shigowa cikin dilolin gwanjo a kasuwannin Maraɗi, waɗanda matasa da manoma ke rububinsu saboda ƙwari da arha. A wannan lokaci da 'yan bindiga ke addabar ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji, wasunsu sanye da kaki, farar hula da ya sa riga mai dabbare-dabbare yana jefa kansa cikin zargi a kowane shingen jandarma, musamman a hanyar Ɗan Isa.

Shawarata ita ce a rina kayan kafin a sayar, amma rinin yana buƙatar sani. Baban da marinanmu suka saba da shi yana kama zaren auduga sosai, sai dai yawancin kakin zamani gaurayen auduga ne da nailan ko poliyesta, shi ya sa bayan wanki biyu ko uku sai zanen asali ya sake bayyana. Nailan yana karɓar launi ne a ruwan zafi mai ɗan tsami, poliyesta kuwa sai da rini na musamman a tafasasshen ruwa. Baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi rufe zanen. Dole kuma a ɓamɓare tambari da tuta da alamar muƙami tun kafin a tsoma rigar.

Ina kira ga shugabannin 'yan gwanjo da su zauna da marina su daidaita farashin wannan aiki, domin kada tsadarsa ta hana talaka saye.

Naku,
Wani mai karatu daga Maraɗi