Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano Kan Karatun Ɗan Talaka

Mai girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan dokar ta-ɓaci da ka ayyana a fannin ilimi a watan Yunin 2024. An ga gyaran azuzuwa, an ga rabon kayan makaranta, Allah ya saka da alheri. Sai dai akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wadda har wasu malamai ke faɗa: wai komai aka yi wa makarantar gwamnati, ɗan talaka ba zai kamo ɗan mai hali ba, tunda tun daga gida aka bar shi a baya.

Ranka ya daɗe, Kano ta daɗe da ƙaryata wannan zance. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. 'Ya'yan manoma da na masu ƙananan sana'o'i suka shiga, aka ba su makwanci da abinci da ɗakin gwaje-gwaje da malaman da ke shiga aji a kan lokaci. Yau ga su nan, likitoci da injiniyoyi a ciki da wajen ƙasa.

Amma da jarrabawa ake shiga waɗannan makarantu. Yaron da ya gama aji shida a wani ƙauyen Sumaila bai iya haɗa baƙi ba, ko ƙofar ba zai kusanta ba. Ya zo bai karya ba, ya zauna a ƙasa, ajin ya cika maƙil, malami ɗaya yana ta fama da allo. Kafin azahar ƙanwarsa ta ɗauki farantin talla, da damina shi ma gona ta janye shi. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta yi masa alkawarin karatun shekara tara kyauta, amma me kyautar ta tsinana masa idan ya fita bai iya karanta sunansa ba?

Roƙona shi ne a tura ƙwararrun malamai aji ɗaya zuwa uku na firamare, a ba na ƙauye alawus ɗin da zai zaunar da su. A ciyar da yara da safe ba fashi, domin abincin nan ne ke sa uba ya haƙura da aikin ɗansa a gona. Sannan a ƙarshen aji uku a gwada kowane yaro karatun Hausa da lissafi, a bayyana sakamakon ƙananan hukumomi 44 ɗaya bayan ɗaya, mu san inda za a fara kai ɗauki.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai kishin ilimi daga Kano