Wasiƙa daga Tokyo: Barashen da ya ƙi tafiya gida

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai sanyin garin nan da ya sa ni ina alwala ina cije baki.

Ka yi mini ƙorafi cewa wasiƙuna duk labarin jirgin ƙasa ne da tsadar shinkafa. To yau ga wani daban, kuma kai ka fara faɗo mini a rai, tunda fassara ce sana'arka.

Ranar Asabar na sauka a tashar Ochanomizu, sai na hango wata koriyar ƙubba a tsakanin dogayen benaye. Wallahi da farko na zaci masallaci ne, har na ƙara sauri. Da na matsa sai na ga gicciye a kanta. Ashe cocin Otodoks ce, irin ta Rasha, an gama gina ta a 1891. Mutanen nan ba sa kiran ta da sunanta na asali, sai dai Nikorai-do, wato ɗakin Nikolai. Wani dattijo a bakin ƙofa ya miƙo mini siririn kyandir, na karɓa don kada in gwale shi, na shiga na sha kallo. Tun da na dawo nake bin labarin mai sunan.

Sunansa Nikolai Kasatkin. An haife shi a yankin Smolensk na Rasha a 1836, ya iso garin Hakodate da ke arewacin Japan a 1861 a matsayin limamin ƙaramin ofishin jakadancin Rasha. A lokacin addinin Kirista haramun ne a Japan, ba damar wa'azi. Sai ya duƙufa kan harshen, shekara da shekaru yana karanta littattafansu, yana zuwa sauraron malaman addinin Buddha. Mutumin farko da ya bi shi, Sawabe Takuma, gwanin takobi ne kuma limamin Shinto, addinin gargajiya na Japan, wanda ya zo masa da niyyar kashe shi, sai muhawara ta sarƙe. A ɓoye aka yi masa baftisma a 1868, shekara biyar kafin a ɗage haramcin. A 1880 aka naɗa Nikolai bishop.

Ga inda za ka ji daɗi. Bai yarda da Japanancinsa shi kaɗai ba. Ya samo wani malami ɗan Osaka mai suna Nakai Tsugumaro, wanda ya sha karatun gargajiya na Sin, suka riƙa zama safe da yamma kusan shekara 30. Shi yana duba Girkanci da tsohon harshen cocin Rasha, Nakai yana auna ko jimlar za ta zauna a kunnen Bajapane. Sabon Alkawari ya fito a 1901, ga Zabura da littattafan addu'o'i. Sun ƙi kalmar da sauran masu fassara suka zaɓa wa Ruhu Mai Tsarki, suka ɗauki wata. Ko sunan Annabi Isa, a wajensu Iisusu ne, kamar yadda Girkawa ke faɗa, ba Iesu da sauran Kiristocin Japan suka saba ba. Na tuna ranar da ka hana mu barci kan ko “ƙuduri” ko “shawara” ya dace da wata kalma guda. Ashe kana da 'yan uwa a duniya.

Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan a watan Fabrairun 1904. Jakadan Rasha da ma'aikatansa suka haɗa kaya, aka ce masa ya zo a tafi. Ya shawarci mabiyansa, ya ce yana nan. Abin da ya gaya musu shi ya fi tsaya mini a rai. Ya umarce su da su yi wa sarkinsu da sojojin ƙasarsu addu'ar nasara, domin haƙƙi ne a kansu. Amma shi, in ji shi, Barashe ne, ba zai iya roƙon Allah ya ba wata ƙasa galaba a kan tasa ba, don haka ya janye daga jagorantar ibadar jama'a har yaƙin ya ƙare. Dubi wannan: cocin da ya yi fafutukar ginawa, ga ta kusa da ɗakinsa, limaman da ya rena da hannunsa suna ciki suna addu'ar a ci ƙasarsa da yaƙi, da izininsa.

Da na fara karantawa na ce wannan ai raba ƙafa ne. Daga baya na canza ra'ayi. Mai raba ƙafa so yake ya burge kowa, shi kuwa ba wanda ya burge. A Japan ana kiran mabiyansa 'yan leƙen asirin Rasha, ana tsangwamar su, a gida kuma ba a rasa masu ganin bai kamata ya zauna cikin abokan gaba ba. Littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, wanda aka gano a Leningrad shekaru da yawa bayan rasuwarsa, ya nuna abin yana cin sa. Da Port Arthur, sansanin jiragen yaƙin Rasha, ta faɗa hannun Japan a Janairun 1905, da kuma aka tarwatsa jiragen ruwan Rasha a Tsushima a watan Mayu, gari ya cika da shagali, shi yana ɗaki yana jiyo sowa. Washegari kuma ya koma teburin fassara da Nakai, wanda ƙasarsa ce ta yi nasarar. Ni wannan zaman nasu nake ta hasashe: me suke ce wa juna kafin a buɗe littafi?

Wani aikin kuma ya faɗo masa. An kawo fursunonin yaƙi 'yan Rasha sama da 70,000, aka rarraba su a sansanoni irin na Matsuyama. Ya riƙa tura musu limamai Japanawa masu jin Rashanci, da littattafai, har da na koyon karatu don waɗanda ba su iya ba. Da aka sa hannu a yarjejeniyar Portsmouth da ta kawo ƙarshen yaƙin a Satumban 1905, jama'ar Tokyo suka ga an cuce su, tarzoma ta tashi, aka ƙone coci-coci da dama. Tasa sai da sojoji suka yi gadinta.

An ɗaga shi zuwa babban bishop a 1906. Ya rasu a Tokyo a Fabrairun 1912, ya bar mabiya sama da 30,000, kuma Sarkin Japan Meiji ya aiko da furanni wajen jana'izar. Har yau da fassararsa ake ibada a cocin nan. Kabarinsa yana maƙabartar Yanaka, ba nisa da inda nake, ina so in leƙa idan sanyi ya lafa.

Kyandir ɗin yana nan a aljihun rigar sanyina, ban kunna ba, ban kuma yar ba. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa maiɗakinka yajin da ta ba ni ya kusa ƙarewa. Ina jiran amsarka, kada ka yi irin ta bara.

Naka amini, daga Tokyo